Yadda Ake Auna Gajiyar Aiki a Tsakanin Malaman Nazare

Ɗalibin da zai yi bincike kan halin da malaman nazare suke ciki kada ya zauna ya ƙirƙiro tambayoyi da ka, domin akwai ma'aunan da aka riga aka gwada. Wanda ya fi shahara shi ne MBI-ES, ma'aunin gajiyar aiki na malamai da masaniyar halayyar ɗan adam Christina Maslach da abokan aikinta suka tsara, mai tambayoyi 22, ana amsawa daga 0 zuwa 6, amma sai an sayi lasisi. In aljihu bai kai ba, Copenhagen Burnout Inventory kyauta ne, tambayoyinsa 19. A haɗa da WHO-5, ma'aunin walwalar zuciya na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 5 kan makonni biyun da suka wuce: a tara makin, a ninka sau 4, ƙasa da 50 alama ce ta damuwa.

Wurin lissafin MBI-ES ake yawan tuntuɓe. Kashi uku ne: ƙarewar kuzari (tambayoyi 9), bushewar zuciya ga yara (5), da jin cewa aikin yana haifar da ɗa mai ido (8). Ba a tara su wuri guda. Na ukun kuma a juye yake, ƙarancin maki ne ke nuna matsala.

In za a mayar da tambayoyin Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, sannan a kwatanta. A gwada kan malamai kamar 30 da ba sa cikin babban binciken, a tabbata ma'aunin Cronbach (lissafin da ke nuna ko tambayoyin suna auna abu ɗaya) ya kai 0.70.

Makarantun gwamnati sai da takardar izini daga SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Amma ko da izini, kada hedimasta ko mai makaranta ya raba takardun, balle ya karɓa. Malamar da ke tsoron rasa aikinta "lafiya lau" za ta rubuta. Kada a rubuta suna, a ba kowa ambulan ya manne da kansa, kuma a je a tsakiyar zango, ba makon jarrabawa ba, lokacin da kowa a jigace yake.

A rubuta yawan yaran aji (manufar ilimi ta Najeriya ta ce yara 25 ga malamin nazare ɗaya), da ko akwai mai taimako, da watannin albashin da ake bi bashi. Tambayar da aka yi sau ɗaya alaƙa kawai take nunawa. Mai son cewa cunkoso ne ya jawo gajiyar sai ya koma wa malaman nan a wani zangon.