Kalmar "sort" da yadda take kayar da mutanenmu a wurin aiki

A siton da nake riƙe wa lissafi a Jidda, inda ake ɗaure tsarabar alhazai, ciniki da Larabci ake yi. Amma da zarar an hau kwamfuta, ko mudir ɗinmu, wato manajan siton, ɗan Indiya, ya buɗe baki, sai Turanci. A nan na lura kalmar da ta fi ba yaranmu wuya ita ce "sort".

Ma'anarta ta asali ba ta da wahala: ware kaya, kowane iri da nasa wuri. Tushenta "sors" ne na Latin, wato ƙuri'a ko rabo, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. In aka zube maka kwalayen dabino aka ce ka yi "sort", ka sa ajwa nan, safawi can, sukkarin Ƙasim a wani gefe. Abin da Balarabe ke ce wa "farz" ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne 'yar kalmar da ke biyo bayanta. "Sort by" tana faɗin ma'aunin da za a bi, nauyi ko suna ko ranar tashin jirgi. "Sort into" kuwa tana faɗin kason da kaya za su shiga: na Kano, na Sakkwato, na Yamai. Mutane kan musanya su, amma mai sauraro yakan gane. Wadda ke jawo asara ita ce "sort out".

Bayan Arfa, wata Hajiya ta zo neman kwalinta, aka tarar kwali biyu da suna ɗaya. Mudir ya dubi wani sabon yaro ya ce "sort it out", ya wuce. Yaron ya naɗe hannun riga ya shiga jera kwalayen sito gaba ɗaya, manya gefe, ƙanana gefe, gumi sharkaf. Hajiya na zaune a kan buhu har aka kira la'asar, sannan ta ce, "Ɗan nan, wai ni kayana ake nema ko shara ake yi?" Nufin mudir shi ne a warware matsalar. Gaskiya "sort out" takan nufi kintsa tarkace ma, don haka ka duba: in rikici ne a gabanka, mafita ake so, ba jeri ba.

A Excel kuma, manhajar lissafi ta kwamfuta, ana haɗa "sort" da "filter", wataƙila don maɓallansu na maƙwabtaka. Na farko sake jeri yake yi, ba ya ɓoye komai. Na biyu, wanda Larabci ke kira "tasfiya", yana ɓoye abin da ba ka nema ba. Kuma kada ka kuskura ka jera layin sunaye kaɗai ka bar na lambobin fasfo. In Excel ya tambaye ka, zaɓi "expand the selection", in ba haka ba lambar Alhaji ta koma kan wata Hajiya.

Idan "sort" ta zo a matsayin suna, ba aikatau ba, tana nufin iri ko nau'i. A rubutu ka ce "this sort of bag" ko "these sorts of bags", kada ka gauraya tilo da jam'i. Ka kuma kiyayi "sought", wadda ke nufin an nema; a bakin Baturen Ingila furucinsu ɗaya ne, shi ya sa ake rubuta wannan a madadin waccan.

Wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san "sorting" da wata ma'ana, ta miƙa wa malami na goro don a ci jarrabawa. Wannan ta gida ce. In mudir ya ce a yi "sorting" kafin motar kaya ta iso, ba aljihunka yake kallo ba, kwalaye yake nufi.