Kurakuran da ake yi wajen sayen na'urorin hango lalacewar inji

A unguwannin masana'antu na Jidda da Dammam, dillalai na ta yawo da ƙananan na'urorin da ake mannawa jikin inji, su auna girgiza da zafi, su aiko saƙo tun kafin boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya ci. Fasahar tana aiki, na gani da idona. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake zuba riyal a kanta ba a yi tambaya ko ɗaya ba.

Mafi yawa suna saye kafin su buɗe rajistar gyara. Ɗauko ta shekara biyu, ka ga wane inji ne ya fi tsayar da aiki. Sau da yawa bai wuce kwamfiresa ɗaya da famfon ruwan sanyaya ba. Daga nan ake farawa. Fankar da ake sauyawa cikin rabin awa kuwa, bar ta ta mutu a sa wata.

Akwai kuskuren da ya fi ƙona mu. Wutar Saudiyya haz 60 ce, wato tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da Sudan da Najeriya 50. Moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, a nan yana juyi kusan 1,750 a minti, a can kusan 1,450, kuma da wannan saurin manhajar na'urar ke lissafa inda alamar cin boris za ta fito. A masana'antarmu wani dillali ya bar mana saitin 50. Wata uku wayar shugaban makanikai tana ƙara a kan lafiyayyen famfo, har ya gaji ya kashe mata murya. Ranar da boris ɗin kwamfiresa ya fara gurnani da gaske, ba wanda ya duba. Maganin ba wuya: a auna juyin kowane inji yana aiki, a shigar da lambar boris ɗinsa, a bar na'urar makonni tana koyon yadda lafiyarsa take.

Kada ka yarda da gwajin watan Janairu. A Jubail, da ke bakin tekun gabashin Saudiyya, zafin bazara kan wuce digiri 45, ga laima da gishirin teku, batir kuma ba ya jure wannan. Nemi na'ura mai alamar IP66 ko IP67, wato shaidar tana hana ƙura da ruwa shiga, ka gwada a Yuli.

Kyamarar zafi ma tana yaudara. Tagulla mai sheƙi tana nuna sanyi alhali tana ƙuna, don haka manna mata baƙin tef ka auna a kansa. Akwatin wuta na waje a duba shi da asuba ko da dare, injin na ɗauke da nauyi.

Kafin ka sa hannu a takarda, rubuta sunan wanda zai tashi idan saƙo ya shigo ƙarfe biyu na dare, ka leƙa sito ka tabbata boris ɗin yana nan, sannan ka tambayi dillalin ko bayananka za su zauna hannunka idan kuka rabu.