Yadda nake bibiyar gajimaren Mushtari da madubin hangen nesa

Madubin hangen nesa mai baki inci 4 ya isa ya nuna maka ɗamaru biyu na gajimare masu duhu da suka kewaye Mushtari, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana, wadda wasu ke kira Jupita. Nawa inci 6 ne, kuma da shi nake hango Babban Jan Tabo, guguwar nan da faɗinta ya kai kusan na duniyarmu.

Ka fito da madubin tsakar gida tun bayan magariba, ya sha iska kamar minti 40. Kada ka saita shi ta saman rufin kwano. Kwanon da ya yini cikin rana yana ta fitar da zafi har dare, sai ka ga Mushtari tana rawa kamar kana leƙenta ta cikin ruwa. Ka jira ta hau sama sosai. A nan arewa takan zo kusan saman kai, kuma wannan babbar sa'a ce.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne littafi da fensir. Kafin ka leƙa, zana da'ira wadda faɗinta ya ɗan fi tsayinta, domin haka siffar Mushtari take. Ka gama zanen cikin minti 10, saboda tana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, kuma abin da ke tsakiya yanzu zai gusa kafin ka ankara. Rubuta kwanan wata da lokaci, ka sa alamar kudu, domin madubai da yawa suna kifar da hoto.

Sauyin gajimaren ba ya bayyana a dare ɗaya. A 2010 ɗamarar kudu ta dusashe har ta ɓace, sai a watan Nuwamba wani farin tabo ya ɓullo, ta fara dawowa. Jan Tabon kansa yana ƙanƙancewa: a ƙarshen ƙarni na 19 tsawonsa ya kai kusan kilomita 40,000, yau bai kai rabin haka ba. Kuma a Yulin 2009 Anthony Wesley, mai sha'awar taurari a Ostareliya, da madubinsa na gida ya fara ganin baƙin tabon da wani abu ya bari bayan ya faɗa kan Mushtari. Wannan labari ne ya sa na ƙara riƙe littafina.

Duk daren da Jan Tabon ya iso daidai tsakiyar fuskarta, duba agogo ka rubuta har da minti. Bayan wata uku ka jera zanukan a kan tabarma, ka gwada kaurin ɗamarar arewa da launinta daga na farko zuwa na ƙarshe.