Babi na shida: Sayen fili ko tsohon gida da gyaransa

Darasi na ɗaya: sunan da ke takarda

To iyayena da yayyena, kowa ya buɗe littafinsa. Yau maganar fili da gida ce, kuma da takarda zamu fara tun kafin a zo kan bulo da siminti.

Idan dillali ya kaika ka ga wuri ya yi maka, kar ka ciro ko kwabo, ko da kafin alƙalami ne. Ka ce a kawo takarda. Da ta zo hannunka ka nemo suna, galibi yana shafin farko. Ɗora yatsa a kai, karanta baƙi ɗaya bayan ɗaya, a hankali ba mai korarka. Sannan mai sayarwa ya baka katinsa na ɗan ƙasa ko na zaɓe, ka ajiye kusa da takardar ka gwada, sunan yanka da sunan yanka, sunan uba da sunan uba. Idan takarda ta ce Sani, kati ya ce Sanusi, ba mutum ɗaya bane duk da farkonsu ya yi kama. Sake dubawa. Ba abin kunya bane ka duba sau uku, kuɗinka ne.

In sunan bai zo ɗaya ba sai ka tambaya, wane ne wannan? In ya ce a hannunsa ya saya, ya kawo takardar wancan cinikin, ita ma ka ɗora yatsa ka karanta sunan. In ya ce mahaifinsu ne ya rasu, to gidan gado ne, kuma a nan mutane suka fi ƙonewa, domin babban wa shi kaɗai baya sayar da gidan gado, akwai ƙanne, akwai mata, akwai wadda take aure a wani gari da ba a ko gaya mata ba, ranar da ta ji sai dai ku haɗu a kotu. Ko duk magada su sa hannu, ko a kawo takardar rabon gado daga kotu.

Ku sani dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, shi ke bada takardar mallaka da ake ce wa C of O, yawanci ta shekara 99 ga gidan zama. Ana zuwa ofishin gwamnati mai ajiye bayanan filaye a bincika ko takardar gaskiya ce: a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Filin awon igiya kuwa sau da yawa takardar ciniki ce kawai da hatimin mai unguwa, sai ka je wajensa da ƙafarka, ka kuma tambayi maƙwabta.

Amma dan Allah, na ga wasunku da an miƙo takarda sai su riƙe ta a juye su ce "ai Alhaji ba zai cuce ni ba". Haba Baba! To me ya kawo ka aji? Wata nawa muna koyon baƙaƙen nan? Hajiya ke ma, kar ki dangwala yatsa a abin da ba ki karanta ba, in Turanci ne ki zo da ɗanki ko wani naki ya karanta, ba yaron dillali ba. Suna dai ke zaki duba da kanki. Takarda nan, kati nan, yatsa a kai.

Darasi na biyu: awo da damina

Filin da aka saba yankawa a wurare da yawa ƙafa 50 ne da 100. Je da tef a auna a gabanka, ka rubuta lambar. Ka koma ka ga wurin cikin Agusta bayan an yi ruwa, don wani filin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, gini a kansa sai ya tsage. Kafin a haƙa tushe a nemi izinin gini, a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke bayarwa. Takardar izinin ma a duba sunan.

Darasi na uku: gyara

Fara da rufi, sai tsagewar bango, gara a katako, sai sokawe. Fenti ƙarshe ne. Buhun siminti kilo 50 ne, kar ka tara shi da yawa, daskarewa yake. Bulo akwai inci 6 akwai inci 9. In jinga ka ba magini kar ka biya duka, biya bisa aikin da ka gani, ka rubuta a littafi.

Darasi na huɗu: haya

A rubuta kuɗi, ranar shiga, da wanda zai gyara abin da ya lalace.

Aikin gida: kowa ya kwafo sunan da ke katinsa sau biyar, a zo da katin ranar Asabar.