Yadda ake zaɓen madadin ruwa wajen haɗa maganin allura

Wani maganin da zarar ya taɓa ruwa sai ya fara lalacewa, wani kuma sam ba ya narkewa a cikinsa. Dole mai haɗa magani ya nemi wani abin da zai narkar da shi. Ka tuna, duk abin da ka zaɓa, jikin majinyaci zai shiga tare da maganin.

Fara da inda za a yi allurar. Idan ta jijiya ce, ajiye mai gefe, domin mai zalla yana iya toshe hanyoyin jini a huhu. Sai ka duba masu gauraya da ruwa, irin su sinadaran firofilin gilaikol, etanol da PEG 400 (wato foliyetilin gilaikol). Allurar diazepam tana da kashi 40 cikin 100 na firofilin gilaikol da kashi 10 na etanol. Idan ta tsoka ce kuma ana son maganin ya riƙa fita a hankali, man riɗi, man auduga ko man zurma za su yi. A man riɗi ake narkar da haloperidol (maganin taɓin hankali) mai dogon aiki, wanda ake yi sau ɗaya a wata. Man farafin kuwa babu shi a lissafi, jiki ba ya iya sarrafa shi.

Daga nan gwada narkewa, har da cikin sanyi. Ɗiga haɗin a ruwan gishirin ƙarin ruwa ka gani ko zai yi gudaji, don abin da zai iya faruwa ke nan a jijiya.

Mataki na uku shi na fi damuwa da shi: wa za a yi wa? Benzil alkohol, wani sinadari da ake sawa a maganin allura don hana ƙwayoyin cuta girma a ciki, ya yi sanadin mutuwar jarirai bakwaini a Amurka, abin da ya fito fili a 1982. Firofilin gilaikol yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda. Wani kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi, don haka a rubuta sunan man a kwalba.

Ja haɗin cikin sirinji. In ya yi kauri, etil oliyet ko benzil benzowet suna sassauta shi.

Mai yana lalacewa idan iska ta same shi, sai a sa tokoferol (bitamin E) a rufe kwalbar da iskar naitirojin. Tururi ba ya ratsa mai, saboda haka da busasshen zafi ake kashe ƙwayoyin cutarsa, digiri 160 a ma'aunin Celsius na awa 2, ko a tace shi. Bayan haka ajiye samfuri a digiri 40 tsawon wata 6, kana auna ƙarfin maganin da launinsa.