Tutar ƙasa a emoji: yadda ake sa ta, da yadda za ka kauce wa ɗaga tutar wasu

Duk ranar da ƙasashe ke buga ƙwallo, ko wata ƙasa ke bikin samun 'yancin kai, tutoci kan cika saƙonni da shafukan sada zumunta. A cikinsu kuwa ba a rasa wanda ya yi niyyar taya Nijar murna amma ya ɗaga tutar Indiya, ko wanda ya aika tuta daga wayarsa, abokinsa ya buɗe a kwamfuta ya tarar da haruffa biyu tsirara. Yawancin waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne: mutane na ɗaukar tutar emoji a matsayin hoto, alhali rubutu ce.

Haruffa biyu ne suka yi shigar tuta

Kowace ƙasa tana da haruffa biyu da ke wakiltarta a tsarin ISO 3166-1, wato jerin gajerun sunayen ƙasashe na duniya. Najeriya NG ce, Nijar NE, Ghana GH, Kamaru CM, Saudiyya SA. A shekarar 2010 ƙungiyar Unicode, wadda ke tsara haruffan da na'urori ke amfani da su, ta ware wasu haruffa 26 na musamman, daga A zuwa Z, waɗanda aikinsu kawai nuna yanki. Idan biyu daga cikinsu suka jeru kuma suka dace da sunan wata ƙasa, sai na'urarka ta ɓoye su ta zana tuta a gurbinsu. Wato idan ka aika 🇳🇬, abin da ya bar wayarka N ne da G na musamman. Wayar mai karɓa ce za ta yanke shawarar yadda za ta zana su. Shi ya sa tuta ɗaya take fitowa tana kaɗawa a wata waya, a wata kuma a shimfiɗe.

Kada ka dogara da hasashe wajen waɗannan haruffa, domin wasu daga sunan ƙasar a wani harshe aka ciro su. Jamus DE ce, Chadi TD, Aljeriya DZ, Afirka ta Kudu ZA, Suwizalan CH, Birtaniya kuma GB. Wanda ya rubuta SA yana nufin Afirka ta Kudu, Saudiyya zai samu.

Inda ake samunta

A wayar Android, danna maɓallin fuskar murmushi a allon rubutu, ka wuce zuwa rukuni na ƙarshe, mai alamar tuta. A iPhone ma haka ne, rukunin tutoci shi ne a can ƙarshe. Tutocin sun haura 250, kuma ƙanana ne ƙwarai, don haka lalube da ido shi ne babban hanyar kuskure. Abin da ya fi shi ne ka rubuta sunan ƙasar a akwatin bincike na emoji. Sai dai binciken yana bin harshen da allon rubutun yake kai: idan na Turanci ne, da sunan Turanci za ka nema, "Jamus" ba zai kawo komai ba. Ka kuma lura cewa rubuta "Niger" kan fito da tutoci biyu, ta Nijar da ta Najeriya.

A kwamfutar Mac, danna Control da Command da Space a lokaci ɗaya. A Windows, maɓallin Windows tare da ɗigo yana buɗe akwatin emoji, amma ba za ka ga tutar ko ƙasa ɗaya a ciki ba. Sai dai ka kwafo daga wani wuri ka liƙa. A manhajojin hira kuwa, a Slack ana rubuta :flag-ng:, a Discord kuma :flag_ng:, bambancinsu karan tsakiya da karan ƙasa.

Idan tuta ɗaya kake yawan amfani da ita, ka tantance ta sau ɗaya, sannan ka ajiye ta a matsayin gajeriyar hanya cikin saitin allon rubutu, ta yadda rubuta wasu haruffa uku zai fito da ita. Mai gina shafin intanet kuwa yana iya haɗa ta da kansa: ka ɗauki lambar babban harafin a tsarin ASCII, wanda ke bai wa kowane harafin Turanci lamba, ka ƙara 127397. N lambarsa 78, ya zama 127475. G lambarsa 71, ya zama 127468. Ka mayar da lambobin nan haruffan Unicode, ka jera su ba tare da tazara ba, tutar Najeriya ta fito.

Tutocin da ke rikita ido

Nan ne aka fi yin ɓaranɓarama, domin a waya faɗin tuta bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Nijar da Indiya duk ratsi uku ne a kwance: ruwan lemo a sama, fari, kore a ƙasa. Tsakiyar za ka duba. Ta Nijar 🇳🇪 da'ira ce cikakkiya mai ruwan lemo, ta Indiya 🇮🇳 kuma ƙafar keke ce shuɗiya mai sanduna 24. Ita ma Najeriya tana da mai kama da ita, tutar tsibirin Norfolk da ke ƙarƙashin Ostareliya: kore, fari, kore a tsaye, amma da bishiya a tsakiya. Kodebuwa da Ayilan launukansu ɗaya, jerin ne ya juya. Kodebuwa tana farawa da ruwan lemo daga hagu, Ayilan da kore.

A Yammaci da Tsakiyar Afirka akwai 'yan gida ɗaya guda huɗu. Mali kore, rawaya, ja. Gini ja, rawaya, kore. Senegal kamar Mali take, amma da koren tauraro a tsakiya. Kamaru kore, ja, rawaya, da tauraro rawaya a kan jan. A ƙasashen Larabawa, tutar Falasɗinu da ta Jodan duk baƙi, fari, kore ne da jar alwatika a gefe. Jodan ce ke da farin tauraro mai tsini bakwai a cikin alwatikar. Sudan ta sauya jeri: ja a sama, fari, baƙi, alwatikarta koriya. Laberiya kan shiga a madadin Amurka, alhali tauraronta ɗaya ne tak, ratsinta 11, ita kuwa Amurka taurari 50 da ratsi 13.

Akwai waɗanda ido ba zai raba su ba ko an zura. Chadi da Romaniya duk shuɗi, rawaya, ja ne a tsaye tun da Romaniya ta cire tambarin da ke tsakiyar tutarta a 1989. Shuɗin Chadi ya ɗan fi duhu, amma a allon waya wannan ba abin dogaro ba ne. Indonesiya da Monako ma haka, ja a sama fari a ƙasa. Har ila yau wasu yankuna na amfani da tutar ƙasar da ke mulkinsu, don haka tutar Norwe ta fito fiye da sau ɗaya a jerin, haka ta Faransa da ta Amurka. Hoto iri ɗaya, haruffan da ke ƙarƙashi daban. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ita ce ka kwafi tutar ka liƙa a akwatin binciken Google, zai gaya maka sunanta.

Abin da launukan ke faɗa

Launi ba shi da ma'ana ɗaya a duniya. Kowace ƙasa da abin da ta ɗora masa. Tutar Najeriya, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 yana ɗalibi a Landan, aka fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960, korenta na nuni da noma da albarkatun ƙasa, farinta zaman lafiya. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar zana tutar suka cire. A tutar Ayilan kuwa kore al'umma yake wakilta, mabiya Katolika da masu kishin ƙasar, ruwan lemo kuma 'yan Furotesta, farin tsakiya fatan sulhu tsakaninsu. Launi ɗaya, magana biyu.

Nijar ta ɗauki tata a Nuwamba 1959. Fassarar da aka fi yi ita ce ruwan lemo hamadar arewa, kore ƙasar noma ta kudu, da'irar kuma rana. Ta Ghana, da Theodosia Okoh ta zana aka ɗaga a 1957, jan jinin waɗanda suka mutu a fafutukar 'yanci ne, rawayar zinariya, koren dazuzzuka, baƙin tauraron kuma 'yancin Afirka. Ja da rawaya da kore ɗin nan daga tutar Habasha aka aro su, ƙasar da ta fatattaki sojojin Italiya a Adwa a 1896, kuma wannan ne dalilin da tutocin Mali da Gini da Senegal suke kama da juna. Baƙi, fari, kore da ja na ƙasashen Larabawa su ma asalinsu ɗaya, tutar tawayen Larabawa kan Daular Usmaniyya na 1916.

Wasu tutocin ba launi kaɗai suke ɗauke da shi ba. Ta Saudiyya tana da kalmar shahada a saman takobi, shi ya sa ko a ranar makoki ba a sauko da ita rabin sanda. Ta Iraƙi tana da kabbara. Ƙanƙantar emoji ba ta goge rubutun ba, saboda haka bai kamata a cusa irin waɗannan cikin saƙon zagi ko raha maras kan gado ba.

Idan ta ƙi fitowa daidai

Haruffa biyu a maimakon tuta: kusan kullum Windows ne. Microsoft bai saka tutocin ƙasashe a cikin zanen emojinsa ba, don haka manhajojin buɗe intanet na Chrome da Edge a Windows suna nuna NG ko NE kawai. Saƙonka bai lalace ba. Firefox yana zuwa da nasa zanen, yana nuna tutar, haka ma shafukan da ke amfani da hotunansu, irin su WhatsApp na kwamfuta. Mai shafin da yake son kowa ya ga tuta, gara ya sa hoton SVG a maimakon emoji.

Baƙar tuta zalla: wannan kan faru da Ingila, Sukotland da Wales. Su ukun ba su da haruffa biyu nasu, duk suna ƙarƙashin GB. A 2017 aka ƙara su ta wata dabara, wato baƙar tuta da wasu ɓoyayyun haruffa shida a bayanta. Manhajar da ba ta gane ɓoyayyun ba, baƙar tutar kawai za ta nuna. Wannan yana da muhimmanci a harkar ƙwallo, inda Ingila ke buga wasa da tutarta fara mai jan giciye, ba ta Birtaniya ba.

Tuta ta rikiɗe ta zama wata: na'ura tana haɗa haruffan bibbiyu ne daga farko. Ka jera Najeriya da Nijar manne da juna, abin da ke ƙasa N, G, N, E ne. Idan wata tsohuwar manhaja ta yanke harafin farko, G da N za su haɗu su ba da tutar Gini, E ya rage shi kaɗai. Tazara ɗaya tsakanin kowace tuta tana hana wannan.

Tsohuwar tuta: zanen yana cikin wayar ne, ba a cikin saƙon ba. Muritaniya ta ƙara jajayen ratsi biyu a 2017, Siriya ta koma kore, fari, baƙi da jajayen taurari uku bayan faɗuwar gwamnatin Assad a Disamba 2024. Wayar da ba a sabunta ba tsohon zanen za ta nuna, kuma a irin batun Siriya wannan na iya juya ma'anar saƙo gaba ɗaya. Idan maganar siyasa ce, rubuta abin da kake nufi da kalmomi. Akwai kuma wadda ake ɓoyewa da gangan: iPhone da aka saita yankinsa a China ba ya nuna tutar Taiwan.

Alamomin tambaya a ma'ajiyar bayanai: kowane harafin yanki bayit 4 ne (bayit ma'aunin girman bayanai ne) a tsarin adana rubutu na UTF-8, tuta ɗaya bayit 8. Tsohon tsarin utf8 na manhajar ma'ajiyar bayanai ta MySQL bayit 3 kawai yake ɗauka. A mayar da shi utf8mb4. A saƙon tes kuma, emoji ɗaya yana rage tsawon saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, tutar kanta ta cinye gurbi 4, sai saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku. Mai aika saƙonni da yawa ya kula da wannan.

Waɗanda babu, da inda tuta ba ta dace ba

Za ka samu tutar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta Tarayyar Turai, amma babu ta Tarayyar Afirka, babu ta ECOWAS, babu ta jihohi ko ƙabilu ko jam'iyyu. A 2022 Unicode ta daina karɓar buƙatar sabbin tutoci, sai dai yankin da ya samu haruffansa a tsarin ISO, kamar yadda tsibirin Sark da ke tsakanin Ingila da Faransa ya shiga a 2024. Mai son irin waɗancan sai ya yi sitika ko hoto.

Tuta ƙasa take nunawa, ba harshe ba. Wace tuta za a sa wa Larabci, ko Faransanci, ko Hausa da ake yi a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan? Duk wadda ka zaɓa ka bar wasu a waje. A wurin zaɓen harshe, rubuta sunan harshen da harshen kansa. Ka kuma tuna da masu amfani da manhajar da ke karanta wa makafi rubutu: tana faɗin sunan kowace tuta ɗaya bayan ɗaya, don haka tuta goma a jere na nufin jin sunan ƙasa sau goma kafin a kai ga maganarka. Ɗaya ta isa, a ƙarshen jimla, tare da sunan ƙasar a rubuce.