Babi na 7: Gubar da Ke Tafiya a Ƙarƙashin Ƙasa

'Yan'uwa masu karatu, gani ya kori ji, saboda haka darasin yau da aikin hannu za mu fara shi. A samo roba mai faɗi wadda ake ganin cikinta. A shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, a bi da yashi har ta kusa cika, sannan a zuba ruwa a hankali ya kai rabinta. Ku leƙa ta gefe. Ruwan ya shige tsakanin ƙwayoyin yashi ya zauna. Irin wannan ruwa ne rijiya da burtsatse ke tarar wa idan an yi haƙa. Mutane da yawa suna zaton kogi ne ke gudu a can ƙasa, alhali a yawancin wurare ruwa ne da ya jiƙa yashi da tsakuwa da tsagogin dutse.

Yanzu a ɗiga tawada kaɗan a gefe ɗaya, a yayyafa mata ruwa kamar an yi ruwan sama. A ɗaya gefen a soka siririn bututu, a riƙa zuƙe ruwa da sirinji, kada a sa baki. Bututun nan shi ne rijiyarmu. Ba da jimawa ba za ku ga tawada ta nitse, ta miƙe kamar hayaƙin da iska ta kaɗa, ta nufo bututun. Saman yashin kuwa fes, babu alamar komai. Abin da ke tayar mini da hankali game da dagwalon masana'antu ke nan: ido ba ya ganin tafiyarsa, sai ranar da ya ɓulla a kofin shan ruwa.

Haka ta faru a wata unguwa da ake kira Love Canal, a birnin Niagara Falls na jihar New York a Amurka. Daga 1942 zuwa 1953, kamfanin Hooker Chemical ya binne kusan tan 21,000 na sharar sinadarai a wani tsohon rami. Daga baya aka gina makaranta a kan filin, gidaje suka kewaye shi. Bayan shekaru fiye da 20, sinadarai suka fara tsattsafowa cikin gidaje da filayen wasan yara. Ruwa ba ya tsami banza: iyaye, ciki har da wata mata mai suna Lois Gibbs, suka bi gida gida suna tattara bayanan rashin lafiya, suka matsa wa hukuma lamba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a unguwar, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. A 1980 aka yi dokar da aka fi sani da Superfund, wadda ta bai wa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ikon tsaftace irin waɗannan wurare da kuma tilasta wa wanda ya ɓata ya biya.

Amma doka ba ta nuna inda guba ta nufa. Wannan aikin lissafi ne, kuma tushensa tsoho ne. A 1856 wani injiniya ɗan Faransa, Henry Darcy, ya cika bututu da yashi a birnin Dijon, ya riƙa auna ruwan da ke ratsawa. Ya gano abu biyu ke ƙayyade saurin ruwa: yawan gangara daga inda ruwa ya fi tsayi zuwa inda ya fi ƙasa, da kuma irin ƙasar da yake bi. A tsakuwa yana wucewa da sauƙi, a yashi mai laushi yana jan ƙafa, a yumɓu kuwa kusan tsayawa yake yi.

Ƙasa ta gaskiya ba roba ɗaya ba ce. Nan yashi, can yumɓu, ga kogi, ga rijiyoyi ɗari kowacce tana jan ruwa. Kan mutum ba zai iya riƙe wannan lissafi ba, shi ya sa aka miƙa shi ga kwamfuta. A 1984 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar da manhaja mai suna MODFLOW, kuma kyauta ake samunta. Manhajar tana yanka yankin da ake nazari zuwa ƙananan akwatuna, jeri bisa jeri, hawa bisa hawa. Ana gaya mata irin ƙasar da ke cikin kowane akwati, da yawan ruwan sama, da abin da rijiyoyi ke zuƙa. Ita kuma sai ta lissafa ruwan da ke shiga kowane akwati da wanda ke fita. Daga nan masana ke iya ƙiyasta inda guba za ta kai nan da shekara 5 ko 20.

Ku riƙe wannan da kyau: kwamfuta ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin ƙasa ba. Abin da aka ba ta shi take juyawa. Saboda haka dole a haƙa rijiyoyin gwaji, a auna zurfin ruwa, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, sannan a gwada da abin da kwamfuta ta faɗa. In sun saɓa, lissafin ake gyarawa. To a nan ne maganar haɗin kan hukumomi ta shigo, domin ma'aunan nan ba a hannu ɗaya suke ba. Masu binciken ƙasa ke da taswirar duwatsu. Masu kula da yanayi ke da lissafin ruwan sama. Wanda ya mallaki filin, ko soja ne ko ma'aikata ko kamfani, shi ya san abin da aka zubar da shekarar da aka zubar. Hukumar lafiya ce ta san unguwar da ciwo ya yi yawa. In kowa ya kulle takardunsa a durowa, kwamfuta za ta zana taswira mai kyan gani, ta nuna wa mutane rijiyar da ba ta da lafiya a matsayin mai lafiya. A ganina ɓoye irin wannan bayani zalunci ne ga masu shan ruwan.

Misali mafi girma shi ne Hanford, a jihar Washington, a gaɓar kogin Columbia. A nan aka sarrafa sinadarin fulutoniyam na makaman nukiliya tun daga 1944. Aikin ya bar manyan tankuna 177 a binne, ɗauke da dagwalo mai guba sama da lita miliyan 200, kuma ana zargin fiye da 60 daga cikinsu sun yi yoyo. A 1989 ɓangarori uku suka sa hannu a yarjejeniya: Ma'aikatar Makamashi, wadda ke da wurin kuma ke yin aikin, da EPA, da hukumar muhalli ta jihar, waɗanda ke sa ido. An rubuta aikin kowa da wa'adinsa. Ba a zauna lafiya ƙalau ba. An sha saɓa wa'adi, har jihar ta kai Ma'aikatar Makamashi kotu, kuma aikin bai ƙare ba har yau. Duk da haka, da yake a rubuce alkawarin yake, akwai abin da za a riƙe mai saɓawa da shi.

Dabarun tsaftacewa kuwa suna da yawa. Wadda aka fi sani ita ce a zuƙo ruwan da famfo, a tace shi, wani lokaci da gawayi na musamman, a mayar da shi ƙasa. Tana hana guba yaɗuwa, amma tana iya cin shekaru da dama. Wata dabarar ita ce a haƙa rami a kan hanyar gubar a cika shi da ɓurɓushin ƙarfe. Ruwa na ratsawa, ƙarfen na warware wasu sinadarai. Masana na Jami'ar Waterloo a Kanada ne suka ɓullo da ita. Akwai kuma ciyar da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa don su cinye gubar. Zaɓin ya danganta da halin gubar. Fetur yana tasowa saman ruwa. Sinadarin TCE, wanda ake wanke maiƙon injuna da shi, ya fi ruwa nauyi, sai ya nitse ya maƙale a tsagogi, yana sakin kansa kaɗan kaɗan. Iyakar da Amurka ta sa masa a ruwan sha ita ce giram 5 kacal a cikin lita miliyan 1.

Gwada kowace dabara na cin kuɗi, kuma asara ce hukuma ta sake kuskuren da wata ta riga ta yi. Shi ya sa a 1990 hukumomin tarayyar Amurka, ciki har da EPA da Ma'aikatar Tsaro da ta Makamashi, suka kafa zauren tuntuɓa kan fasahar tsaftacewa, inda suke bayyana dabarar da ta yi aiki, da wadda ta gaza, da abin da kowacce ta ci.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba: a ce ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiyar rabin mita a rana, kuma akwai rijiya mita 180 daga inda aka zubar da guba, ta ɓangaren da ruwan ya nufa. Kwana nawa ruwan zai yi kafin ya isa rijiyar? Bayan haka ku sake gwajin roba, amma wannan karon ku sa dunƙulen yumɓu a tsakiya. Ku rubuta jimla uku a littafinku kan hanyar da tawada ta bi, ku zo da robar aji.